Raɗa a Benen Tsattsewa

Shafi na 23

Da sunan Allah. Masu aiko saƙo wai na yi nauyin hannu, ku matso, ga naku.

Ranar Laraba, an idar da sallar isha'i ke nan, benen tsattsewar Haji Kaspul ya sake murya.

Shekara shida unguwar bakin kogi tana jin kukan da lasifikokin benen ke yi don su yaudari tsuntsaye su shigo su yi sheƙa, wadda Haji ke kankarewa ya sayar da tsada don ana miya da ita. An saba da shi kamar yadda aka saba da tarin injin kwalekwale. Har akwai wata agwagwa a gidan tela da ba ta yin ƙwai sai an kunna. Amma na wannan daren daban ne. Kuka ne siriri mai zurfi, kamar daga cikin rijiya, ga ruwa na ɗiga a bayansa, ɗis, ɗis. Can kuma a ƙarƙashin kukan, sai wata mace ta yi raɗa.

Ta yi shiru. Tsuntsaye suka yi ta yi. Bayan minti uku ta sake raɗawa.

Acil Mastika, wato Gwaggo Mastika, ta yar da wuƙar da take yanka albasa da ita.

"Bainah! Rufe tagar nan! Wallahi matar nan ce da ta faɗa kogi shekarar ambaliya."

Norbainah, 'yar yayarta da ke zaune a wurinta tun da ta shiga jami'a, ba ta motsa ba. Tana ƙasa a tsakiyar takardun kundin bincikenta, alƙalami a baki.

"Acil, yi shiru."

"Ni zan yi shiru? Fatalwa tana ƙirga mu gida-gida ki ce in yi shiru?"

"Me kika ji ta ce?"

"Arba'in da ɗaya, in kunnena ya ji daidai. Gidajen layin nan nawa ne? Ai arba'in da uku ne! Saura biyu ta iso kanmu!"

Norbainah ta tashi ta buɗe tagar gaba ɗaya. Raɗar ta sake zuwa, ta biyo saman ruwa, a hankali, sarai.

"Ɗauka ta arba'in da ɗaya. Biyar saura kwata."

Alƙalamin ya faɗi daga bakinta ya bi ta tsagar katako ya shige kogi.

"Ni ce," in ji ta.

"Ke ce me?"

"Muryata ce, Acil."

Wata huɗu ta yi a kogon wani dattijo, Julak Ideram, can saman kogi inda duwatsu suka fara, tana ɗaukar kukan tsattsewar kogo don kundin kammala digirinta. Kafin kowace ɗauka sai ta faɗi lambarta da lokaci, kamar yadda aka koya musu. Da raɗa take faɗa, don murya mai ƙarfi tana tayar da uwa daga kan ƙwai. Ta arba'in da ɗaya ita ce ta ƙuryar ciki, inda iyaye ke kiran 'ya'yansu kafin gari ya waye. Ba wanda ya taɓa ɗaukar ta kafin ita.

Mutum ɗaya ta ba wa a duniya. Dakta Rusmadi, malamin da ke duba mata kundi.

Ya saurara rabin minti, ya cire abin kunne, ya ce shara ce.

Sau tara tana gyara kundin, sau tara yana mayar mata ba tare da ya sa hannu a takardar amincewa ba. Ba wannan takardar, ba za ta yi rajistar kare kundi ba. Rajistar kuwa jibi Juma'a ake rufe ta, kafin a tafi masallaci. Kuma wannan ne zangon ƙarshe da jami'a ta yarje mata, don shekara biyu cur ta ajiye karatu tana jinyar mahaifiyarta har Allah ya karɓi abarsa. In Juma'a ta wuce, za a goge sunanta kamar ba ta taɓa zama a aji ba.

Ta ɗaga wayarta ta miƙa ta taga, ta naɗi abin da benen ke faɗa.

Da safe Acil ta tare ta a bakin tsani da kwalin waina mai kwakwa.

"Riƙe wannan. Ba a zuwa gidan malami hannu rabbana."

"Ba gaisuwa za ni ba."

"To me za ki? Dambe? Bainah, dube ni. Ki cire takalmi. Ki kama hannunsa ki kai goshi. Ki ce ka yi haƙuri Pak, na dame ka Pak. In ya ce baƙi fari ne ki ce Allah ya ƙara masa haske. Ki karɓo sa hannun nan, bayan an ba ki shaida ki zo nan ki zage shi, ni zan taya ki, na fi ki iyawa."

"Shekara guda ina cewa ka yi haƙuri Pak."

"To ƙara kwana ɗaya!"

Norbainah ta tayar da babur. Acil ta rataya mata kwalin a madubi da ƙarfin tsiya.

Gidajen malamai suna bayan jami'a, jere kamar haƙoran mataji, kowanne da shingen furanni. A na kusa da gidan Dakta Rusmadi wani tsoho yana aske shingensa da almakashi. Pak Tamjid ne, wanda ya shugabanci sashensu shekara ashirin kafin ya ajiye aiki, kuma shi ya duba kundin Rusmadi kansa lokacin yana saurayi. An ce kowane fure na gidansa da sunansa, kuma in ɗaya ya ƙi tohowa sai ya yi fushi da shi kwana uku. Ta yi masa sallama, ya amsa da almakashi, ƙyas.

Dakta Rusmadi yana baranda da zane da singileti, yana yi wa tsuntsunsa na keji wanka da kwalbar feshi. Ta cire takalmi a ƙasan matakala. Wannan kam ƙafa ce ta yi da kanta. Ya miƙo bayan hannunsa ba tare da ya juyo ba.

Ba ta kama ba.

Hannun ya daɗe a iska. Sannan ya juyo.

"Kin turo saƙo?"

"Ban turo ba, Pak."

"To ba ki zo ba. Koma gida ki rubuta. Ki fara da sallama, ki faɗi sunanki da lambarki, ki nemi afuwar damuna. In na sami sarari in amsa."

"Na zo da wani abu ka ji."

"Na ce ba ki zo ba."

Ta danna wayar ta ajiye a kan dandamali. Kukan ya cika barandar. Tsuntsun keji ya daina kakkaɓe jiki ya karkata kai. Ɗis, ɗis. Sai raɗar.

Kwalbar feshin ta tsaya a hannunsa.

"Mene ne wannan?"

"Shara ce, Pak. Kai ka sa mata suna. Jiya unguwarmu ta kwana tana shan shara daga benen Haji Kaspul."

"Kashe."

"Ko yanke muryata ba su iya yi ba. Gwaggota ta ɗauka fatalwa ce."

"Na ce ki kashe!"

Ta kashe. Ta ɗauki wayar ta sa a jaka.

Ya ajiye kwalbar, ya goge hannu da zane, ya zauna a kujerar kaba. Bai ce ta zauna ba, ita ma ba ta durƙusa ba. Ya dube ta daga ɗankwali har ƙafa.

"Rikodar da kika yi aiki da ita, ta wa ce?"

"Ta sashe."

"To abin da ke cikinta na wa ne?"

"Na wanda ya shiga kogon."

"Na sashe ne. Ni kuwa nake riƙe da ɗakin binciken. Gwaji muke yi a benen Haji, gwajin kimiyya. Abokin hulɗarmu ne."

"Yayan matarka ne."

"Ki kiyayi bakinki."

"Ka ce min ɗigar ruwa ta ɓata shi. Ka ce ko ɗan aji ɗaya ba zai kawo maka irinsa ba. Na yi kuka a gabanka, Pak, ka miƙo min tishu kana duba waya. Ashe ba lalacewa ya yi ba. Kyau ya yi da yawa."

A can gefe almakashin Pak Tamjid ya ci gaba, ƙyas, ƙyas, amma ya rage sauri.

Dakta Rusmadi ya yi murmushi. Ta san murmushin nan. Shi yake yi in zai zare jan biro.

"Zauna, Norbainah."

"Na gode, a tsaye ma ina ji."

"To tsaya. Ni ba maƙiyinki ba ne. Ɗalibai nawa suka bi ta hannuna? Wasu yanzu malamai ne. Abu ɗaya na ce miki tun farko, babi na uku bai cika ba. Kin rubuta wai wani kogo a saman kogi. Wani kogo! Tatsuniya kike rubutawa? Bincike yana son lambobin taswira, wanda ya karanta ya je ya gani da idonsa. Ki rubuta min su yanzu, ga biro. Gobe da safe takardarki na ofishin rajista."

"Wa zai je ya gani da idonsa?"

"Duk mai ilimi."

"Haji Kaspul mai ilimi ne?"

Ya ƙara turo mata biron.

"Gida goma sha ɗaya ke cin abinci da kogon nan," in ji ta. "Ba sa taɓa sheƙa sai 'ya'ya sun tashi. Tun kakanninsu haka. Julak Ideram bai kai ni bakin kogon ba sai da na ci shinkafa da gishiri a gidansa, gaban mutanen gidajen nan duka, na ce ba zan nuna wa kowa hanya ba. Na gaya maka wannan tun kafin in tafi. Ka ce ba komai, a rubuta sunan gunduma kawai ya isa. Kai ka ce!"

"Na sake tunani."

"Bayan ka ji ɗauka ta arba'in da ɗaya ka sake tunani."

"Kimiyya ba ta cin gishiri, yarinya."

"Amma ni na ci. In na ba ka lambobin nan, mako ba zai zagayo ba mutanen Haji sun hau da gora da fitila. Su kankare sheƙa da ƙwai da komai, su dasa rikoda a kowane lungu. Shekara biyu kogon ya zama rami."

"Wannan ba ya cikin kundinki."

"Yana cikin wuyana."

Ya buga hannu a kan kujera. Tsuntsun ya yi tsalle ya daki keji.

"To zaɓi! Wani tsoho mai goro a baki wanda ko sunansa bai iya rubutawa ba, ko shekara bakwai na rayuwarki? Gobe sha ɗaya da rabi za a rufe taga. Kina tsammani akwai wani zango? Babu. Ni na ce ki je ki zauna shekara biyu kina wanke fo? Sa'o'inki sun gama, suna ofis suna shan sanyi, ke kina nan kina yi min wa'azin gishiri."

Wani abu ya tsinke a ƙirjinta. Ta ji shi, kamar igiyar kwalekwale in ruwa ya ja.

"Fon uwata kake faɗa?"

"Misali na—"

"Fon uwata, Pak? Matar da ta sayar da keken ɗinkinta ranar da zan shiga makarantar nan? Tana kwance ba ta iya juyawa take tambayata, malaminki ya gamsu? Malaminki ya ce da kyau? Ta mutu tana sa maka albarka! Ba ta taɓa ganinka ba take sa maka albarka!"

"Rage murya, akwai maƙwabta."

"Su ji! Wata huɗu ina raɗa, yau ba zan yi ba!"

Labulen ƙofa ya motsa. Bu Salasiah, matar gidan, ta fito da faranti: shayi kofi biyu da soyayyiyar ayaba. Mace ce mai fara'a wadda kunnenta ɗaya ya yi nauyi, don haka duk hayaniya a wurinta hira ce ta yi daɗi. Abah take kiran mijinta.

"Ah, baƙuwa tun da safe a tsaye? Abah, ba ka ba ta wuri ba? Zauna 'yata, sha shayi. Wa sunanki ma?"

"Norbainah, Bu."

"Norbainah!" Ta ajiye farantin tana dariya. "Ai na san ki a takarda. Sunan ƙanwata ne, shi ya sa ya zauna min. Barka, barka. An sa ranar kare kundin?"

"Shiga ciki," in ji Dakta Rusmadi.

"Ba a sa hannu ba tukuna, Bu."

"Wane hannu kuma? Ai ya sa tun kafin Mauludi."

Almakashin maƙwabci ya yi shiru.

"Salasiah. Ciki."

"To ai gaskiya ce, ko ka manta? Ka cika mantuwa kwanan nan." Ta juyo wurin Norbainah kamar mai ba da albishir. "Lokacin da yake haɗa fayil ɗin neman zama farfesa ne. Sai an nuna ɗalibai nawa mutum ya kammala wa, kowanne da makinsa, shi kuwa saura ɗaya ya cika. Ya sa hannu, ni na kai shago aka yi kwafi, kwafin ya tafi da fayil. Ta ainihin kuwa na sa ta ƙarƙashin gilashin teburin falo, kar damshi ya ci ta. Na ɗauka kin zo kin karɓa tuni."

Norbainah ta dubi ƙofar falon. A buɗe take.

Ta san teburin nan. Doguwar shimfiɗar leshi ce a kansa, da kwanon alewa da ba a taɓa ce mata ta ɗauka ba. Tun bayan Mauludi sau huɗu ta durƙusa a gabansa a kan tabarma, kundinta a kai, jan biro yana yawo. Sau huɗu tana cewa ka yi haƙuri Pak, goshinta bai fi taƙi ɗaya da leshin ba.

"An ƙirga ni," ta ce a hankali. "A fayil ɗinka na gama."

"Ba ki fahimci yadda aikin ofis yake ba."

"A fayil ɗinka na gama tun wata uku. A nawa kuma shara ce."

Ɗalibi ba ya shiga falon malami sai an ce shigo. Ko an ce ma, sai ya sunkuya, hannu ɗaya a ƙasa, kamar mai neman allura. Norbainah ta wuce tsakanin mata da miji a miƙe, kafaɗarta ta goge labule.

"Ke! Ina za ki? Fito min daga gida!"

Ta janye leshin. Kwanon alewa ya kife, alewa ta watse har ƙarƙashin kujera. A ƙarƙashin gilashin ga katunan ɗaurin aure, ga hoton aikin hajji, ga wata tsohuwar takardar kuɗi da aka daina karɓa. Ga kuma tata a tsakiya, fara fes. Sunanta. Sunan kundinta. Sa hannunsa da shuɗin biro, mai doguwar jela kamar ta ɓera, da hatimin sashe a kai.

Ta sa farce ta ɗaga gilashin. Ya fi yadda ta zata nauyi. Ta zaro takardar da hannun hagu, gilashin ya suɓuce daga na dama ya koma da ƙarfi. Ya tsage daga wannan kusurwa zuwa waccan.

"Innalillahi!" in ji Bu Salasiah. "Gilashin aurena!"

"Ki yafe min, Bu. Ke kaɗai zan ba haƙuri a gidan nan."

Ya tare ƙofa da hannu biyu. Singiletinsa ta jiƙe.

"Ajiye."

"Tawa ce."

"Ba taki ba ce sai na miƙa miki da hannuna. Ajiye, in manta da abin da ya faru yau. Har gilashin na yafe."

"Da lambobin?"

"Da lambobin."

Ta sunkuya, ba don ladabi ba, ta bi ta ƙarƙashin hannunsa ta fice. Wata huɗu tana bin ramukan da suka fi wannan matsi. Ta dira daga baranda ta gefe, kan ciyawa. Takalmanta suna ƙasan matakala, shi kuma ya riga ta isa wurin, ya tsaya a kansu. Ta dube su sau ɗaya, ta nufi ƙofar shinge ƙafa ba takalmi, takardar a ƙirji.

"Ɓarauniya!" Muryarsa ta fashe. "Kin shigo gidana kin fasa min kaya kin yi sata! Kina tsammani takarda ce digiri? Wa zai zauna a kujerar tsakiya ranar da za ki kare kundin? Ni! Tambaya uku zan yi miki ki manta sunan ubanki!"

"Ka yi min talatin. Ni na rubuta shi."

"Ba ma za ki kai can ba." Ya zaro waya daga kuɓakar zanensa. "Kira ɗaya zan yi ofishin rajista. In ce takardar da ke hannunki ta sata ce, sa hannun ma ban tabbata nawa ba ne. Mu ga wa za su yarda da shi, ni ko ke."

"In ba naka ba ne, na fayil ɗinka na wa ne?"

Yatsansa ya tsaya. Sannan ya danne zuciya ya ci gaba da latsawa.

"Fayil ɗina ya wuce inda hannunki zai kai. Ƙirga uku zan yi. Ki dawo ki ajiye, ki rubuta min layi ɗaya. Ɗaya."

Ta kama ƙarfen ƙofar. Babur ɗinta na nan a waje, kwalin Acil na lilo a madubi. Ofishin rajista bai fi tafiyar minti biyar ba. Kiran waya kuwa ba ya minti ɗaya.

"Biyu."

"Abah, me ke faruwa ne?" in ji Bu Salasiah daga baranda, leshi a hannunta. "Ba ɗalibarka ba ce?"

"Ɗalibarsa ce ni, Bu!" Norbainah ta juyo, hawaye na zuba amma muryar ba ta karye ba. "Wata huɗu ina kwana a kan kashin jemagu! Matsattsaku sun sha jinina har na daina cire su! Na yi zazzaɓi sau biyu a ramin nan, matar Julak ce ta goya ni ta fito da ni. Shi yana ina? Sau ɗaya na kira shi daga saman dutse inda ake samun layi, ya ce ba a kiran malami ranar Lahadi! Bai san ko ƙofar kogon gabas take kallo ko yamma ba. Shi ya sa yake roƙona!"

"Uku."

Ya kai wayar kunne. Ana jin ƙararta tana shiga, ɗiit, ɗiit.

Shingen furanni ya motsa. Pak Tamjid ya raba rassan da almakashi ya leƙo da kansa, tabarau a ƙarshen hanci, ganye ɗaya a kan hularsa. Bai dubi Norbainah ba. Tsohon ɗalibinsa ya duba, ya daɗe yana dubansa, kamar furen da ya ƙi tohowa.

"Rusmadi."

"Pak, ka yi haƙuri da hayaniyar, wata mara kunya ce—"

"A'a, ni tsufa ne ke damuna, nake so ka tuna min wani abu. Watan jiya ka yi walima a gidan nan, da aka ba ka lambar yabo kan sabon kukan tsattsewar da ka gano. Mun ci shinkafa mai kurkum. Ni na rubuta wasiƙar da ta tsaya maka, da hannuna. Ka tsaya a kan matakalar nan ka ba mu labarin wahalar da ka sha a kogo har matar limami ta yi hawaye, ka ɗage zane ka nuna mana tabo a ƙwauri."

A cikin wayar wata murya ta ɗauka. "Ofishin rajista. Halo? Dakta? Halo?"

Pak Tamjid ya gyara tabarau.

"To in yarinyar nan ce ta kwana wata huɗu a kogon, kai a wane kogo ka kwana?"